Yatsan Goggo Mai Wanki

Shekara talatin Goggo tana wankau, har sabulu ya cinye zanen yatsunta. Ranar da ta je sayen waya, mai sayar da tsofaffin wayoyi ya ajiye mata biyu: mai sheƙi da ake buɗewa da yatsa, da wata koɗaɗɗiya da ta girmi mai sheƙin.

Sau biyar Goggo tana dangwala wa mai sheƙin yatsa, wayar ta ƙi karɓa. Mai shagon ya yi dariya. "Mama, yatsanki ya mutu! Bari in sa miki lambar sirri."

"Riƙe abarka," in ji Goggo, ta ɗauki koɗaɗɗiyar. "Yatsan nan ya ciyar da 'ya'ya huɗu. Wayar da ta raina shi ba za ta kwana a ɗakina ba."