Ƙwaryar Ƙasar Kaka

Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ne ke tara mu tun kafin Kaka ta kira. Da an idar da magariba a gidanmu na Tirmini, Kaka za ta jawo wata 'yar ƙwarya cike da baƙar ƙasa, ta ajiye gefen murhu, ta yayyafa mata ruwa. Ko da tsakiyar rani ne, sai tsakar gida ta ɗauki ƙamshin ruwan fari.

"Ku shaƙa, numfashin gonarmu ke nan," in ji ta. Sai ta dube ni, ni da ke makarantar boko: "Ke 'yar lakwal, rufe littafin nan, ba ya ƙamshin komai."

Tatsuniyar da na fi so ita ce ta Rana da Ƙasa. Wai sun ƙulla amana. Rana za ta ɗumama Ƙasa, amma ba za ta ƙona 'ya'yanta ba, ƙananan halittun da ke cikinta suna dafa wa gero abinci. Ita kuwa Ƙasa, duk ƙwayar da aka ba ta ajiya, zangarniya za ta mayar.

Na taɓa tambaya, "Kaka, in Rana ta saɓa fa?"

"Kai, yarinyar nan da tsegumi! Rana mutum ce, da za ta saɓa?"

Da Kaka ta rasu, Kawu Isa ya ce a saki gonar, wai ƙasarta ta mutu. Na ƙi. Na karanta a jami'a cewa zafin duniya na ƙaruwa, yana cinye takin da ke cikin ƙasa, yana kashe 'ya'yan nan nata. Amma hancina ya riga ya yarda da Kaka.

Damina uku ina zuwa daga Birni. Mu yi binne, mu shuka tun ruwa bai sauka ba, iri ya gasu cikin rairayi. In ruwa ya zo, ya zo a fusace, ya kwashe saman ƙasa ya bar fako. Wata rana na durƙusa a tsakiyar gonar, na zuba ruwan buta, na kai hanci. Babu komai. Na yi kuka kamar wadda ƙawarta ta wuce ta a hanya ba gaisuwa.

Sai bara Kawu Isa ya faɗa mini. Ƙasar ƙwaryar nan ba ta gonarmu ba ce. Kaka takan yi tafiyar rabin wuni zuwa wani kwari, ta ɗebo ta a gindin gawo. Tamu ta daina ƙamshi tun kafin a haife ni.