Ƙofar da Aka Toshe

Ban yi karatu ba. Faɗa nake yi, ana rubutawa.

A gidanmu na Ƙofar Jatau akwai wata 'yar ƙofa a jikin katangar da ta raba mu da maƙwabta. Ta nan mu mata muke shiga wurin juna ba sai mun taka titi ba. Ta nan ake aron rariya, a ɗebi wuta, a kawo gulma da zafinta.

Malam, mijina, ya rasu da damina. Ina cikin takaba ruwa ya kayar da katangar. Babban ɗana ya tayar da ita da bulo, doguwa, ya shafe da siminti, bai bar ƙofa ba. Ya ce, "Inna, yanzu ba mai damunki." Don ya kyauta mini ya yi.

Na fita takaba, amma ban fita ɗaki ba. Abinci ya daina shiga. Sai in riƙe carbi in manta abin da nake ja. Kuka kuwa ba ya sallama. Aka yi mini rubutu na sha, aka kai ni asibiti, likita ya ce ciwon damuwa ne, ya ba ni magani. Ya sa ina samun barci, ban raina ba. Amma in na farka, katangar nan ce dai a gabana.

Maƙwabciyata da muka tsufa tare, ciwon ƙafa ya hana ta zagayowa ta titi. Tarinta kawai nake ji. Wata rana da hantsi ta ɗaga murya ta bayan katanga: "Ke tsohuwar banza! Kin mutu ne ba a gaya mana ba? Ina rariyata?"

Daga ɗaki na ce, "Rariyar da ta yage tun Malam na da rai?"

Matar ɗana na shara, ta saki tsintsiya. Ta ce tun rasuwar ba ta ji na ɗaga murya ba. Ita ta matsa wa mijinta har ya kira magini, ɗan nawa yana ta gunaguni, aka fasa bulon aka maido da ƙofar.

Ban warke sarai ba. Har yanzu ina shan magani, kuma akwai ranakun da ba na son ganin kowa. A irin ranakun nan maƙwabciyar takan ɗingiso ta shigo da kwaryar gyaɗa, ta ce in fito in taya ta ɓarewa. Ba ma ko magana. Ina ɓarewa, hawaye na zuba a kan ɓawo, amma dai a tsakar gida nake.