Ledar da Harrison Ya Ɓare

A Unguwar Boro ana kiran Harrison "Injiniya", kuma shi ya raɗa wa kansa sunan. Na koyar da shi a firamare. Tun lokacin ba ya karanta umarni kafin ya fara amsa tambaya. Mu a makarantar mishan, sai ka karanta sau biyu kafin ka taɓa alƙalami.

Babban burinsa a naɗa shi mai kula da na'urorin cocinmu. Babban abin ƙinsa kuwa leda. In ya ga kujera ko rediyo da ledar kanti a jiki, sai ya ce ƙauyanci ne, ya fizge.

Bara matan zumunta suka sayo babbar talabijin ta hannu, don a riƙa nuna baitocin waƙa. Shugabarsu, Mama Phoebe, ta ga gefen gilashin ya ɗan kumbura. Dattawa suka ce Harrison ya gyara kafin Lahadin godiya. In ya yi kyau, kujerar mai kula da na'urorin tasa ce.

"Mama, ledar kamfani ce kawai," in ji shi. "Ku mata har katifa ba kwa ɓarewa."

"To Injiniya, ledar da ta ƙi fita, ba a ƙyale ta ba?"

Bai ƙyale ba. Ya sa reza da kalanzir, awa biyu yana kankara, ya kuma tafi gida bai ko kunna ba.

Ranar Lahadi aka kunna. Fari fat, ko harafi ɗaya babu. Harrison ya ce laifin wuta ne.

Vicky, mai gyaran waya a Sabon Tasha, ta taso daga cikin mawaƙa, ta tsinto guntun ledar a bayan bagadi, ta kara a gilashin. Nan take baitin farko ya bayyana a cikin ɗan guntun, daidai faɗin tafin hannu.

"Baba," ta ce mini, "wannan ce ke tace hasken har ido ya ga rubutu. Ba datti ba ce."

Mama Phoebe ta ce, "Injiniya, yanka mana ita gida ɗari uku, kowa ya riƙe tasa."

Muka rera waƙar da ka, mu tsofaffi, baiti biyar cif, yadda aka koya mana. Dattawa suka ba Vicky mabuɗin ɗakin na'urori. Harrison har yau yana cewa talabijin ɗin ce jabu.