Ranar da Rana Ta Yi Zazzaɓi a Gombe

Mun tashi da asuba daga Bauci, ni da wani abokin aikina da muke koyar da kimiyya tare, za mu Gombe duba kawuna da ya yi jinya. Motar a cike take maƙil, direba kuma bai gama sabawa da tuƙin hannun dama ba, duk kwanar da ya sha sai an yi salati. A Alƙaleri muka sha fura da kindirmo. Mai furar ta ƙi sabon kwabo, wai ita sule ta sani.

Bakina ne ya jawo mini. Wani falke mai buhunan goro ya ga gilashin da na turara da hayaƙin fitila, ya tambayi amfaninsa. Na ce yau da tsakar rana za a yi husufi, wata zai shiga tsakaninmu da rana, da gilashin za mu kalla.

"Malam, ka san gaibu ke nan?" in ji shi.

Na ce lissafi ne. Ya tofar da yawu ta taga, bai sake dubana ba.

Mun sauka Gombe da hantsi, gari ya cika da manyan motocin auduga da sababbin babura. Muka taka zuwa Jekadafari, muka tarar da Kawu ya warware, yana zaune a gindin darbejiya a ƙofar gida. Ashe falken nan ma a layin ya sauka.

Gab da azahar haske ya fara canjawa. Ba duhu ba ne, wani irin ja-ja ne mara lafiya. Iska ta yi sanyi, kaji suka nufi akurki. Mata suka fito suna buga kwanoni da tasoshi, ladan ya ɗaga murya yana kiran jama'a sallah. Na leƙa ta gilashina, na ga rana ta koma kamar jinjirin wata. Na sha zana wannan a allo, amma wallahi tsoro ya kama ni.

Sai na ji an ce, "Ga shi can! Shi ya faɗa tun a mota!"

Falken ne, da mutane a bayansa. Wani ya duƙa ya ɗauki dutse. Abokina, wanda Kirista ne ɗan Tangale, ya damƙe hannuna yana addu'a ƙasa-ƙasa.

Kawu ya dogara sandarsa ya miƙe, ya tsaya a gabana.

"Ɗan ƙanwata ne," ya ce. "Makiyayi ya san watan da saniyarsa za ta haihu. Shi ya halicci ɗan maraƙin? Ku ajiye duwatsu, sallah aka ce mu yi."

Ba su watse nan take ba. Sai da liman ya tayar da sallah suka juya ɗaya bayan ɗaya. Na bi sahu, abokina yana jirana a zaure. Liman ya tsawaita karatu, ni kuma da na san rana za ta dawo, na yi kuka a sujada kamar kowa. Kafin mu sallame haske ya fara komawa daidai.

Falken bai ba ni haƙuri ba. Ya dai raɓo daga baya ya ce in ara masa gilashin, ya leƙa, ya daɗe, ya ce, "Allah mai iko."

Washegari muka kamo hanyar gida. Na baro gida ina zaton wanda ya san dalilin abu ya fi ƙarfin jin tsoronsa. Lissafina ya gaya mini lokacin da rana za ta rufe, bai kuma yi kuskure ba. Amma da ta rufe ɗin, goshina ƙasa ya nema.