Ranar da Matar Yaya Isiyaku Ta Kai Ɗanta Ƙara

A watan Rajab ɗin nan aka cika shekara goma sha ɗaya da muka sallaci yayana Isiyaku a Harami, muka kai shi makwancinsa. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan tuna shi da sanyin rai. Bana kuwa da kunya nake tuna shi, kuma na ga gara in faɗi dalili da in maimaita yabon da kowa ya riga ya sani.

A Jarwal aka haife mu, wata unguwa kusa da Harami. Mahaifinmu ya zo aikin hajji daga ƙasar Haɗeja, bai koma ba. Yaya ya yi karatun fiƙihu a gaban malaman Harami, ya kama aikin tsaya wa mutane a kotu tun aikin bai zama na masu manyan ofisoshi ba. Larabawa suna ce masa muhami, alhazan da ke zuwa daga gida suna ce masa lauya. Ofishinsa ɗaki guda ne a ƙasan gidanmu, da tebur da fanka da butar shayi. Jarwal ta wancan zamani tamkar ƙaramin gari take, kowa ya san kakan kowa. Duk rigimar da ta tashi, ta aure ko ta katanga ko ta riƙon maraya, ɗakin nan ake kawo ta.

Yaya ba ya shigar da ƙara sai ya taka da ƙafarsa zuwa gidan wanda ake ƙara. Na taɓa raka shi unguwar Nakkasa kan maganar wata mata da mijinta ya rasu, ƙannen mijin suka ɗauke ɗanta suka hana ta ganinsa. Muka hau tudun nan muna haki. Suka shimfiɗa mana tabarma, suka kawo shayi. Yaya ya dubi kofin, ya ce, "Zan sha idan yaron ya je ya gaida uwarsa." Suka kawo wani mai zafi, bai taɓa ba. Baƙo ya ƙi shan shayinka a gaban maƙwabta ba ƙaramin abu ba ne. Kafin magariba babbansu ya riƙo hannun yaron, muka sauko tare.

A gida kuwa wani mutum ne daban. Matarsa, Hajiya Asabe, takan ce, "Malam, a titi kake rabar da haƙurinka, ka dawo mana hannu wayam." Idan 'ya'yansa biyu, Safiya da ƙaninta Faisal, suka yi faɗa, ba ya barin su shirya da kansu. Zai saurara, ya yanke hukunci, magana ta ƙare. Mu manya ma haka muka saba. Har na yi furfura ban taɓa sasanta mutum biyu ba, don akwai Yaya.

Bayan rasuwarsa rusau ya ci gidanmu, muka watse. Hajiya ta koma wajen Safiya. Faisal ya kama haya a Utaibiyya, can saman bene, gidan da ba lif, Hajiya kuwa gwiwoyinta sun daina ɗaukarta. Sai wata rana Safiya ta ɗauki muryar kanta a waya tana kushe matar Faisal, da nufin tura wa ƙawarta, ta yi kuskure ta tura zauren hirar dangi. Kowa ya ji. Faisal ya rantse 'ya'yansa ba za su ƙara taka gidan Safiya ba sai ta zo ta ba matarsa haƙuri. Safiya ta ce ita babba ce, ba ta zuwa. Na kira wannan, na kira waccan, kowa ya ce, "To, Baffa," ya kashe waya. Azumi biyu suka wuce Hajiya ba ta ga jikokinta ba.

Bayan sallar layya ta aika a kira ni. Ta ce, "Alhaji Sule, an ce yanzu ta waya ake shigar da ƙara. Ka shigar mini. Ina so alƙali ya ba ni izinin ganin jikokina."

Na ce, "Hajiya, matar Isiyaku ta kai ɗansa kotu?"

Ta ce, "Isiyaku yana kabari. Ni kuma ban san ko zan ga wani azumin ba."

Na shigar da ƙarar ina zaune a kan kujera, ban taka gidan kowa ba.

Aka tura mu ofishin sulhu. Na tura Hajiya a keken guragu, Faisal ya shigo ya zauna nesa, kansa a ƙasa. Mai sulhun, wani dattijo, ya karanta cikakken sunan Faisal, ya cire tabarau. Ya tambayi Hajiya da Larabci ko tana da dangantaka da Isiyaku muhami na Jarwal. Ta ce, "Mijina ne. Wannan ɗansa ne." Dattijon bai yi mana wa'azi ba, ya ce kawai, "Allah ya ji ƙansa, na san shi." Da ya zage mu da ya fi mini sauƙi.

Aka daidaita a kan yaran za su riƙa zuwa kowace Juma'a bayan la'asar. Faisal ya sa hannu, ya sumbaci kan mahaifiyarsa, ya fita.

Nakan tambayi kaina abin da Yaya zai ce da ya ga wannan. Ina jin ba 'ya'yansa zai fara tuhuma ba. Ni zai duba, ya tambaye ni ko na hau benen nan na zauna. Amma ni ma ina da abin da zan faɗa masa, cikin ladabi. Ya koya wa unguwa guda yadda ake kawo masa rigima, bai koya wa gidansa yadda ake kashe ta idan ba ya nan ba. Sunansa ya rage, har yanzu yana sa baƙon mutum ya cire tabarau. Aikinsa ne ba wanda ya gada.

Yanzu kowace Juma'a Faisal yakan kawo yaran, su hau da gudu suna kiran "Sitti", wato kaka, shi kuma ya zauna cikin mota a ƙofar gida. Juma'ar da ta wuce Hajiya ta ba ni kwanon sinasir da miya in kai masa. Ya buɗe, ya tsaya yana kallo.

Ya ce, "Baffa, wa ya dafa?"

Na ce, "Ka sani."

Ya yi bisimilla, ya ci. Bai hau ba, ban kuma ce masa ya hau ba. Na buɗe ƙofar motar na zauna kusa da shi har aka kira magariba.

Allah ya haskaka kabarin Yaya Isiyaku, ya yafe masa, ya shirya mu da ya bari.