Ƙundun Baba a Tukunyar Ragwaye

Kai jama'a, da na ɗaga murfin nan sai da ƙamshin ya kusa kayar da ni! Tururi ya buso min a fuska, citta da kanumfari da daddawa duk suka taso lokaci guda. Na leƙa na ga romo ya yi ja ya yi kauri, karas da dankali sun nutse a ciki, tsohuwar kazarmu da kowa ke cewa ko an kwana ana dafa ta ba za ta nuna ba, ga ta nan ta yi luguf. Ranar wata Asabar ce a tsakiyar damina, ina aji shida na firamare, kuma girkin farko kenan da na yi ni kaɗai babu mai tsaya min a ka. Ina ta tsalle a ɗakin girkin maƙwabciyarmu, ban san kafin a kira magariba za a ce min ɓarauniya a tsakar gidanmu ba.

Bari in ɗan koma baya don ku gane. Gidanmu a Ƙofar Wambai yake, irin gidajen nan masu zaure da rijiya a tsakiya, ga akurkin kaji a jikin katanga, ga madafi mai murhun duwatsu uku da hayaƙi ya mayar da bangonsa baƙi ƙirin. Ni ce 'yar fari, don haka shara tawa ce, wanke-wanke da toka nawa ne, kai niƙa ma ni ce. Amma ni duk abin da nake so a duniya shi ne a bar ni in riƙe ludayi. Sa'o'ina suna carafke da 'yar gala-gala a ƙofar gida, ni ina bayan akurki da gwangwanin tumatir ina dafa ganyen zogale a kan kara. Ummanmu ta gane haka, ta fara bari ina soya mata albasa, ina ɗanɗana gishiri. Ana nan sai ta haihu, yayar Babanmu, Gwaggo Hansai, ta taso daga ƙauye zaman jego, ta karɓe madafin gaba ɗaya har zuwa arba'in.

Wallahi matar nan ba ta ƙaunata, kuma ni ma ban ɓoye nawa ba. Sunan kakata ta wajen uwa aka sa min, Bilkisu, ita kuwa ba ta taɓa kiran sunan ba, sai dai "ke 'yar nan". In na tambaye ta me ya sa ake soya kayan miya sai mai ya taso, sai ta harare ni ta ce, "Iyayi dai, halin dangin uwarki." In na tsuguna ina kallon yadda take tuƙa tuwo, sai ta nuna ni da muciya ta ce in tashi, idona yana sa tuwo gudaji. Ta auna min kashedi tun ranar da ta sauka: in na kuskura na taɓa mata tukunya, ni da madafi har ta tafi, kuma sai ta sa Baba ya hana ni ko bayan ta tafi. Baba kuwa bai taɓa musa mata magana ba, ita ta goye shi.

To da aka kore ni daga namu madafin, sai na koma leƙen na maƙwabta. Maman Rifkatu ma'aikaciyar jinya ce, 'yar wajen Tafawa Balewa, tana haya a gidan da ke jikin namu. Tana da wata tukunyar lantarki, cikinta tangaran mai nauyi, murfinta gilashi, maɓalli ɗaya ne a gabanta. Da safe za ta zuba komai ɗanye ta rufe ta tafi asibiti, tukunyar tana dahuwa a hankali ita kaɗai, da yamma ta dawo ta tarar da abinci. Layin wutarsu kuma daban yake da namu, ba a cika ɗauke musu ba. Ni abin ya tsaya min a rai. Gwaggo da ta ji labari a bakina ta tsartar da yawu ta ce, "Tukunyar ragwaye. Miyar da ba ta ga wuta ba ai jiƙo ce."

Ranar Asabar ɗin, ruwan da aka yi ya jiƙe itacenmu jagab. Baba ya yanka tsohuwar kazar da ta daina ƙwai saboda mai jego, ya wuce rumfarsa ta hatsi a kasuwar Muda Lawal. Gwaggo ta fige ta, ta babbake, ta yanka gaɓa-gaɓa, ta rufe a kwano, sai ga saƙon rasuwa a Yelwa. Ta yafa mayafi ta ce kada wanda ya taɓa kwanon sai ta dawo. Ni kuwa na duba jiƙaƙƙen itace, na duba kazar nan mai taurin tsiya, na shiga ɗaki na fara yi wa Umma magiya. Ta daɗe tana jijjiga jariri, can ta juya fuska bango ta ce ita dai ba ta ji ba, ba ta gani ba. Ai kafin ta sake numfashi na sungumi kwanon, sai gidan Maman Rifkatu.

Ga yadda na yi, don har yau haka nake yi. Albasa manya biyu na yanka na shimfiɗa a ƙasa, sai dankalin Turawa da karas manya-manyan yanka, saboda su ne suke son zafin gindin tukunya. Na jera naman a sama. Na jajjaga tumatir da tattasai da attaruhu na kwara, na daka citta da tafarnuwa da kanumfari da masoro da daddawa na barbaɗa, sai gishiri da ɗan man gyaɗa. Na ɗebo ruwa cike da kwano kamar yadda ake yi a murhu, Maman Rifkatu ta riƙe min hannu ta ce, "Kofi ɗaya, Bilki. Wannan ba ta shanye ruwa. Kuma kada ki dame ta da buɗewa, zafin ne zai gudu." Ta murɗa maɓallin zuwa ƙaramin zafi, ta ba ni makulli ta tafi aiki.

A nan na yi abin da ya ja min. Kafin in rufe, na ɗauki ƙundun kazar na matsa, na ji shi kamar dutse. Sai na ce a raina, ai wannan in aka bar shi haka shi kaɗai zai ƙi nuna. Na sa wuƙa na yi masa gunduwa-gunduwa na watsa a ciki, har ina yaba wa kaina dabara. Na san ƙundu na maigida ne, kowane yaro a unguwarmu ya san wannan. Abin da ban sani ba shi ne, ɗungurungum ake sa shi a kwanonsa, shi ne abin da ake fara dubawa in an buɗe, shi ne shaidar cewa mai girki ba ta ci amana ba. Ba wanda ya taɓa gaya min, tunda ba a bari in tsaya wajen rabo.

Wunin ranar ban yi wasan kirki ba. In yi shara in ruga in leƙa ta gilashi, in jawo ruwa in sake rugawa. Da azahar na buɗe sau ɗaya na zuba kabeji da koren wake na rufe da sauri. Sai bayan la'asar na ɗaga murfin sosai, wato lokacin da ƙamshin nan ya buge ni. Don murna na dumbuza ludayi na juya da ƙarfi, irin juyin miyar kuka, nan take naman ya zame daga ƙashi ya watse a romo. Na naɗe tangaran ɗin da tsumma na rungumo shi zuwa gida. Ina shiga na tarar da Gwaggo a tsakar gida ko mayafi ba ta cire ba, tana riƙe da murfin kwanon da na bari.

Ba ta yi ihu da farko ba. Ta ɗauko babban faranti, ta karɓe tangaran ɗin ta juye girkin gaba ɗaya a ciki, ta zauna a kan kujera 'yar tsuguno ta fara tsamo ƙasusuwa tana jerawa a ƙasa. Cinya biyu, fiffike biyu, wuya, ƙafa. Ta sake bi da ludayi gefe zuwa gefe, ta ɗago ta ce, "Ina ƙundun?" Na ce yana ciki, yanka shi na yi. Sai ji na yi tas a kumatuna. Ta ɗaga murya yadda har gida na uku za a ji, wai dama abin da ya kai ni gidan mutane kenan, in laɓe in cinye rabon ubana, wai na dagargaza kazar ne don kada a gane, wai yarinyar da ta saci ƙundu yau gobe akwatin uwarta za ta fasa. Matan maƙwabta suka fara leƙowa ta zaure, yaran da muke aji ɗaya da su suna bayansu. Na kalli ƙofar ɗakin Umma, labule ya motsa amma ba ta fito ba. 'Yar fari ce ni, kunya ba za ta bar ta ta tare min a gaban dangin miji ba. Na san haka, amma ranar sai da na ji haushinta ita ma.

Ana cikin haka Baba ya yi sallama, masu leƙe suka ja baya. Gwaggo ta tare shi tun bai ajiye buta ba: "Sale, ga 'yarka nan ta cinye maka ƙundu. Ka faɗa da bakinka yanzu, ita da madafi har abada." Ni kuma wani taurin kai ya zo min, kukan ma ya tsaya. Na durƙusa gaban farantin, na zura yatsu cikin romon da zafinsa, na fara laluben gutsattsarin. Sun fi sauran naman duhu, kuma su ba su watse ba. Ɗaya bayan ɗaya na tsamo ina jerawa a bakin faranti, yatsuna suna raɗaɗi, har guda bakwai. Gwaggo ta taɓe baki ta ce ita wannan ba ta san ko mene ne ba.

Baba ya wanke hannu ya tsuguna. Ya ɗauki ɗaya ya tauna, ya ɗauki na biyu, haka ya bi su har ya cinye duka bakwai ɗin. Bai kalli Gwaggo ba, bai ce ta yi kuskure ba, ba zai iya ba. Ni ya kalla ya ce, "Gobe in kin sake dafawa, ki bar shi ɗungurungum." Ya tashi ya yi alwala.

Kun ji fa, in kin sake dafawa! Gwaggo ta gane, ni ma na gane. Ta shuri takalmanta ta shige ɗaki, ranar ko tuwo ba ta ci ba. Sauran kwanakin jegon gaisuwata ma da ƙyar take amsawa, kuma har ta koma ƙauye ba ta janye kalmar nan ba. A makaranta sai da na yi zango guda ana tsokanata da Ci-ƙundu. Ba zan yi muku ƙarya ba, har yau in na tuna marin nan sai na ji kumatuna ya yi zafi. Amma ranar da ta tafi, da hantsi, ni na ɗora tukunyar rana.

Yanzu ina zaune a unguwar Gwallameji, ina da tawa tukunyar, sauran dabarun duk a waya na koya da ɓata girki da sake gwadawa. Ƙundu kuwa a leda ake sayar da shi cike, wanda ya so ya ci goma a zama ɗaya, babu mai tambaya. Baba ya rasu, gidan Ƙofar Wambai an raba shi, kowa yana cin abinci a ɗakinsa da waya a hannu. Ba na kewar Gwaggo ko kaɗan, amma ina kewar lokacin da kaza ɗaya take tara gida guda a kan faranti. Ku fa, a gidanku wa ya tsaya muku ranar da aka ɗora muku abin da ba ku yi ba? Ku ba ni labari, ina son in ji.