Layin Darbejiya a Gonar Baba

Tarihi ya san manyan yaƙe-yaƙe, amma bai ji labarin ranar da ƙungiyar samarin garinmu ta tare Hamada da garma da bokiti ba. Bayan farin da aka yi ne, shekarun saba'in sun kusa rabawa. Ina hutu daga kwalejin horon malamai ta wajen Gumel, kuma da yake ni kaɗai ne mai biro a aljihu, aka naɗa ni sakatare.

Gonar mahaifina ce ta ƙarshe ta gabas a hanyar Sule Tankarkar. Duk farkon damina iska sai ta kwaso rairayi ta binne geron tun yana ɗan tsiro, Baba ya sake shuka, ta sake binnewa. Har ya fara zancen barin gonar.

Ma'aikatar gandun daji ta ce za ta ba da dashen darbejiya, mu kuma mu ba da ƙarfi. Malamin daji ya zo a babur, ya ja igiya, ya kafa turaku a gefen gabas na gonar Baba, ya wuce Ɗanzomo inda ake jiransa. Baba ya kira gayya, aka dama fura, mai ganga ya zo ba a gayyace shi ba.

Mu 'ya'yan manoman gero ne, ba mu taɓa ganin an jefa ƙwaya ɗaya a rami ba. Sai muka riƙa sa dashe uku-uku, in ɗaya ya ƙi, 'yan'uwansa su yi. Kafin azahar dashe ya ƙare, layi ko rabi bai kai ba.

Da malamin ya dawo, ya daɗe yana kallo.

"Sakatare, wannan tuwo za ku yi da shi?"

Baba ya ce, "Malam, ai ɗaya tilo kasada ce. Wa ya ba ka tabbacin zai rayu?"

"Baba, tabbacina ga su nan tsaye, in za su yi ban ruwa."

Shugabanmu ya ce mai ganga ne ya jawo, don kiɗan noma ya yi mana. Mai ganga ya ce shi hannunsa bai taɓa ƙasa ba.

Muka tone, muka raba, muka sake dasawa. Da rani muka kewaye kowanne da ƙaya saboda awaki, muna jan ruwa a rijiya bi da bi. Samarin Gagarawa suka zo gani, na Maigatari suka aiko a ara musu igiya.

Bishiyoyin sun kama. Iska ta rage ƙarfi, Baba ya daina shuka sau biyu, bai kuma sake zancen barin gona ba. Sai dai gefen gabas ɗin har yau ba a girbe komai a wurin. Gero ba ya yi a ƙarƙashin darbejiya.